Muryarsa da Safe, Tawa da Yamma

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau na koma aiki. Yaya ce ta ba ni wannan littafin. Ta ce tunda na ƙi magana da mutane, in yi da takarda, ita ba ta da bakin ba ni haushi.

Ko jaka ban ajiye ba Darakta ya kira ni ofishinsa. Ya yi ta juya biro a hannu, ya tambayi lafiyata sau biyu, sannan ya faɗi abin da ke bakinsa. Gidan talabijin da ya ba mu aikin fassara tsohon fim ɗin nan yana so a gama kafin ƙarshen wata. Ni ce muryar jarumar, mijina ne muryar jarumin, kuma mun ɗan yi nisa kafin abin ya faru. Ya ce in ba zan iya ba sai a nemo wata a sake daga farko, ba zai ga laifina ba.

Na ce, "Shi fa?"

Ya ce, "Ya ce zai ƙarasa. Amma da safe yake so ya riƙa zuwa."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai. Ke sai ki riƙa zuwa bayan azahar."

Na ce to.

Shekara tara muna saka murya a ɗaki ɗaya, makirufo biyu, kofin ruwa ɗaya. Yau kwanansa goma sha tara a gidan wansa. Yau sati shida da rasuwar 'yarmu Balbela.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ɗakin ɗaukar murya yana nan yadda na bar shi. Soso a bango, jar fitila a saman ƙofa, allo a gaba, Injiniya a bayan gilashi da furfurarsa da tulin wayoyinsa. Ya ɗaga min hannu ya ce, "Ƙanwata, sannu da zuwa. Makirufonki har ya yi fushi, ko gaisuwata ba ya amsawa."

Na yi murmushi don kada ya ji kunya.

Kujerar da ɗumi-ɗuminta, ko kuwa ni ce na ji haka. An ɗaga makirufo sama, daidai tsayinsa. Na sauke shi.

Injiniya ya ce akwai wani wuri guda a farkon fim da za mu tsallake, mu dawo masa daga baya. Ban tambayi dalili ba. Na sa abin sauraro a kunne, ya kunna, sai ga muryar da aka ɗauka da safiyar yau a tsakiyar kaina. "Kin zo ke nan?" in ji jarumin. Layina shi ne, "Na zo." Sau shida muka ɗauka.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na dafa shayi kofi biyu. Na zubar da ɗaya.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Bari in rubuta labarin fim ɗin, ko hannuna ya samu abin yi.

Fim ɗin ya girme ni da fiye da shekara ashirin. Awa uku da minti arba'in. Wani birni ne babban kogi ya raba shi biyu, talakawa suka yi wa sarkinsu bore, tsallaken nan ya zama na sojan sarki, tsallaken can na 'yan juyin juya hali. Jarumin matuƙin jirgin fito ne, kowa ya biya zai tsallakar da shi, ba ruwansa da ɓangarensa. Ita kuma a gidan waya take aiki, tana buga saƙon tangaraho. Duk umarnin kama wani ko harbe wani ta hannunta yake bi. Sun haɗu kwana uku kafin a fara harbi. Bayan nan, cikin shekara goma sha biyu, sau uku kawai suka ƙara ganin juna.

Da can ba na son fim ɗin. Ina ce masa fim ɗin masu barci. Mutum ya tsaya yana kallon ruwa minti biyu cur, ba magana, ba duka, ba waƙa. Shi kuwa mijina tun yana yaro babansa ya kai shi sinima ya gan shi, bai ƙara warkewa ba. Shekara huɗu yana bin Darakta a kan a fassara shi. Shi ya rubuta fassarar da hannunsa, yana auna kowace kalma da motsin leɓen mutanen.

Yau na gane amfanin minti biyun nan. Matuƙin yana kallon ruwa ne bayan ya tsallakar da wasu samari bakwai, ya kuma ji ƙarar bindiga sau bakwai daga inda ya sauke su. Duk kallon da na yi a baya ban taɓa ƙirga harbin ba. Ina can ina jiran a yi magana.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ya bar biro a kan teburin rubutu. Ban taɓa ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yaya ta zo da niyyar kwana biyu, da jakar da za ta ishi mutum wata guda. Ta share ko'ina, ta buɗe tagogi. Da ta kai hannu ƙofar ƙaramin ɗakin, na Balbela, na ce a'a. Ta kalle ni, ta bari.

Na kunna mata fim ɗin na asali, ba fassara, ina gaya mata abin da suke cewa. Ba a yi rabin awa ba ta fara.

"Wai shi wannan, shekara goma sha biyu ko takarda bai iya aika mata ba? Ga ta a gidan waya ma!"

Na ce, "Yaya, ana karanta duk saƙon da ya shigo. Kashe ta za a yi."

"To ya aika yana tambayar kuɗin gishiri mana, ai za ta gane shi ne. Maza dai!"

Amma da aka zo inda mutane suka cika gada, sai ta zuba ido. Dubban mutane ne na gaske, ba na kwamfuta ba, kowa da fuskarsa. Akwai wata tsohuwa riƙe da agwagwa, akwai mai ɗauke da agogon bango a ka. Kiɗa yana ta tashi, yana ta tashi, da aka yi harbin farko sai aka yanke shi ɗif. Ba ka jin komai sai takun ƙafa. Yaya ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, mai agwagwar fa?" Ba a sake nuna ta ba. Har aka gama Yaya tana nemanta a cikin kowane taro.

Da za ta shiga kicin ta ce, "Kin kira shi?"

Na ce ruwan zafi ya tafasa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya yi mura. Ba wanda ya gaya min, a harafin "m" ɗinsa na ji. Na kusa in ce wa Injiniya ya gaya masa ya daina shan ruwan sanyi, sai na ce a ƙara min sauti a kunnen hagu.

Yau mun yi haɗuwarsu ta biyu, a wani rumbun hatsi da aka mayar asibiti. Ba su taɓa juna ba. Tana naɗe bandeji, yana riƙe mata bakin ƙyallen. Mai ɗaukar hoton ya ƙi nuna fuskokinsu, hannuwa kawai yake nunawa, ƙyallen yana ƙarewa, hannuwan suna matsowa. Da ya rage kamar kamu ɗaya sai aka kira ta. Wanda ya yi fim ɗin nan ya san inda ciwo yake.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Yau muka koma wurin da aka tsallake.

Injiniya ya yi ta kame-kame. Ya ce ko a bar shi sai ƙarshe, ya ce ko in huta tukuna. Na ce, "Baba Injiniya, ka kunna kawai."

Wurin farin ciki ne, shi kaɗai ne ma a duk fim ɗin. Ranar da suka haɗu, iska ta ɗauke mata hula ta jefa a kogi, shi kuma ya juya jirgi ɗungurungum da fasinja arba'in a ciki don ya kamo hular. Fasinja suna zaginsa, yana dariya.

A ƙasan allon Injiniya akan rubuta rana da lokacin da aka ɗauki kowace murya. Ya manta bai rufe ba. Na gani ta gilashi. Ranar ce. Ƙarfe uku da minti goma.

Ranar ban zo aiki ba saboda Balbela ta tashi da ɗan zazzaɓi. Ni na ce masa ya je ya yi nasa, ni na cike nawa daga baya. Ni na ce. Ƙarfe uku jikinta ya rikice. Sau goma sha ɗaya na kira shi. Duk wanda ya shiga ɗakin nan sai ya kashe waya, doka ce, ni ma shekara tara ina kashewa. Maƙwabcinmu ne ya kai mu asibiti a motarsa.

Ga shi nan a kunnena yana dariya, ƙarfe uku da minti goma. Dariya mai kyau, irin wadda take fitowa daga ciki. Ya yi ta da kyau ƙwarai. A rubutu, bayan dariyarsa an sa: "Ita ma ta yi dariya."

Na cire abin sauraro na ajiye a hankali. Injiniya ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya tsaya. Can ya ce, "Ni ne na karɓi wayarsa ranar na sa a aljihun tebur, ƙanwata. Kullum ni nake karɓa."

Na ce ba laifinsa ba ne.

Da sauƙi ya fito daga bakina. Ga Injiniya, da sauƙi ya fito.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ba abin rubutawa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Bayan rasuwar ya yi sati uku a gidan nan kamar inuwa. Ba ya kuka, ba ya magana. Ni ina kuka, shi yana gyara famfo, yana gyara makullin ƙofa, yana gyara abin da bai lalace ba. Ranar nan wansa ya zo gaishe mu, na fito na tarar da shi yana saka takalman Balbela a kwali. Jan nan mai ƙara in ta taka. Bai tambaye ni ba. Sai na faɗi abin da na faɗa, a gaban wansa. Na ce yana can yana wasa da murya 'yarsa tana mutuwa. Na ce shi ne sanadi.

Ya fitar da takalman ya mayar inda suke, ya daidaita su. Da safe ya tafi.

Yaya ta ce baƙin ciki ne ya yi magana, ba ni ba. Amma da muryata aka yi.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na yi dariyar. Sau goma sha huɗu muka ɗauka. Injiniya ya ce ta tara ta yi. Ban saurara ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau wurin da aka tilasta wa matuƙin ya nutsar da jirginsa da hannunsa, don kada 'yan tsallaken can su yi amfani da shi. Ba ni da layi ko ɗaya a wurin, amma na roƙi Injiniya ya bar ni in gani.

A na asali jarumin yana huda jirgin da gatari yana ihu. Na san yadda mijina ya rubuta fassarar, ihu ne har layi uku. Amma da safiyar yau bai yi ihun ba. Ƙasa-ƙasa ya faɗe su, kamar mai rarrashin yaro ya yi barci. Bai dace da leɓe ba ko kaɗan, bakin mutumin a wangale, muryar kuwa raɗa.

Darakta ya shigo ya saurara, ya ce, "Wannan ai kuskure ne, a gaya masa ya sake." Ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "A bar shi haka."

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na rubuta masa saƙo. Na goge. Na rubuta "Ya mura?" Na goge.

Ban ma san da wane suna zan fara ba. Shekara huɗu Baban Balbela nake ce masa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Yaya ta ce za ta je gidan wansa da kanta. Na ce in ta je ba ni ba ita. Ta ce daman ba ni ba ita tun ranar da na fasa mata madubi muna yara, ta sa takalmi ta fita.

Ta dawo bayan awa biyu. Ta ce ya gaishe ta da ladabi, ya kawo mata ruwa da kansa, ya tambayi ciwon gwiwarta. Ta ce ya rame.

Na ce, "Ya tambaye ni?"

Ta ce, "Ya tambaya ko kina cin abinci."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, 'yar nan. Ba zan ƙara miki abin da bai faɗa ba."

Talata, 25 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mun gama.

Ƙarshen fim ɗin a wani ofis ne. Boren ya ci nasara, an kori sarki, waɗanda suka hau kuma suka cika kurkuku fiye da nasa. Ita yanzu akawu ce, tana buga hatimi a takardun fursunonin da aka saki. Layi ne dogo. Wani tsoho mai sanda ya iso gaban tebur, ta tambayi sunansa ba tare da ta ɗaga kai ba, ya faɗa. Hannunta ya tsaya a sama da hatimin. Soja yana tsaye a bayanta. In ta nuna ta san shi, takardar ba za ta fita ba. Ta buga hatimin, ta miƙa masa, ta ce, "Na gaba."

Kalma biyu. Da can nakan ce wannan wace irin mace ce, ko kallonsa ba ta yi ba. Yau na ga abin da 'yar wasan ta yi da wuyanta, yadda ta haɗiye wani abu kafin ta yi magana. Shekara nawa da mutuwar matar nan, amma ga shi tana koya min aikina.

Ɗauka ɗaya na yi. Injiniya bai ce a sake ba, bai kuma yi barkwanci ba.

Jibi za a kalli fim ɗin gaba ɗaya a ofis kafin a miƙa. Darakta ya ce kowa ya zo. Ya maimaita "kowa" yana kallon bango.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na goge kaya kala uku. Na mayar da duka.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ya zo.

Ya zauna a layin baya kusa da ƙofa, ni ina gaba tsakanin Darakta da mai gyaran rubutu. Awa uku da minti arba'in ina jin muryarsa tana yi wa tawa magana, tawa tana amsawa, ba tsaiko, ba gargada, kamar a ɗaki ɗaya muka yi. Mai shara da ta leƙo ɗaukar kofuna ta zauna ba ta tashi ba har ƙarshe. Da aka kunna fitila tana share hawaye tana cewa, "Allah Ya isa tsakanina da sojan nan." Aka yi dariya, aka tafa. Fim ne mai kyau. Ya yi gaskiya tun farko, fim ne mai kyau.

A matakalar bene na same shi. Rigar ta yi masa yawa.

Ya ce, "Sannu da aiki."

Na ce, "Sannu. Ya mura?"

"Da sauƙi."

Na ce, "Abin da na faɗa ranar nan..."

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Na yafe tun a ranar. Ba ki faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba." Ya ce ya ba Darakta takardar barin aiki, ba zai iya sake shiga ɗakin ɗaukar muryar nan ba. Zancen komawa gida kuma bai sani ba tukuna. Ya ce ba don ni ba ne, ƙofar gidan ce ba ya iya tunanin buɗewa.

Na ce ba laifinsa ba ne. Na faɗa sau biyu. Ya gyaɗa kai irin na wanda aka gaya wa ƙarfe nawa.

Mutane suna wucewa ta gefenmu suna sauri, kowa ya ga wayarsa ta zama abin kallo. Da matakalar ta zama ba kowa sai ya ce, "Akwai abin da nake so in tambaye ki. Kada ki rage min, kada ki ƙara."

Na ce to.

"Ta neme ni?"

Na ce, "Sau ɗaya. A cikin mota. Ta buɗe ido ta ce ina Baba. Na ce kana hanya."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce to."

Ya riƙe ƙarfen matakalar. Ya ce, "Yaya ta faɗe shi? Da fushi?"

Na ce a'a.

"Da kuka?"

Na rasa yadda zan kwatanta masa. Sai na rufe ido, na faɗa masa yadda ta faɗa, da muryarta, da ɗan jan nan da take yi in an ce ta jira a gama wanki kafin a ba ta labari. "Too."

Ban san tana bakina ba sai da ta fito.

Ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hannu biyu. Yau na fara jin kukansa. Na zauna a ta ƙasa da shi, kafaɗata tana taɓa gwiwarsa, bai janye ba. Mun daɗe a haka.

Ya raka ni bakin titi. Mota ta zo, na shiga, shi bai shiga ba. Ya tsaya har muka sha kwana.

Tun da na dawo ban buɗe baki ba. Yaya tana ta bina daga ɗaki zuwa kicin tana tambaya ko lafiya, ina gyaɗa mata kai. Tsoro nake ji in na yi magana da tawa muryar, ta yarinyar za ta goge.